Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Furofesoshi Da Daktocinmu Na Jami'o'in Sudan: A Kawo Wa Malamin Lissafi Majistir Har Inda Yake Koyarwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu kuma malamanmu, bayan gaisuwa da ban girma, muna yi muku sannu da aiki, sannu da jimirin wannan zamani. Mun san da yawanku kun baro gidajenku da ɗakunan littattafanku a Khartum da Omdurman da Madani, wasu na Bur Sudan, wasu na Alƙahira, wasu na Riyad da Jidda. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sanawi, wato sakandare, a jihar Gadarif. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Na rubuto ne a madadin 'yan uwana masu koyar da lissafi a sanawi da mutawassiɗa, wato matakin da ke tsakanin firamare da sanawi, maza da mata, 'ya'yan Hausawan Gadarif da Kasala da Sinnar da Mai Wurno da Sinja da Damazin. Mun zaɓi harshen gida saboda ku ne namu da ke zaune a majalisun kwalejojin tarbiyya, wato na horar da malamai, da na karatun gaba da digiri, inda ake yanke abin da ya shafe mu. Muna kuma so iyayen yara su karanta, su san abin da muka nema da sunan 'ya'yansu.

Kafin yaƙi, malamin ƙauye da ke son majistir, wato digiri na biyu, hanyarsa ɗaya ce: ya nemi hutun karatu, ya bar aji, ya bar iyali, ya tafi Khartum ko Madani ya nemi ɗakin haya. Kaɗan ne suka iya. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, jami'o'i suka rasa harabarsu, dole ta sa aka koma karatu ta intanet. A cikin wannan musiba sai muka hango wata ƙofa da ba a taɓa buɗe mana ba. Wasunmu suka ci bashi suka yi rajista. Yau mafi yawan waɗanda na sani sun ajiye, kuma ba don karatun ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsu ba. An ɗauki tsarin da aka yi wa ɗalibin da ke zaune a Khartum, mai wuta da lokaci, aka ɗora shi a kan waya yadda yake. Ba wanda ya tambaya: wane ne wannan ɗalibi, kuma ina yake da ƙarfe goma na safe?

Bari mu fara gaya muku halin ajin da muke shiga, don sauran maganar a kansa ta dogara. A watan Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa makaranta a Sudan. Namu na jihar Nil Azraƙ tun rikicin Yulin 2022 karatunsu ya watse. Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, jama'a suka kwararo Gadarif da Kasala, ajujuwanmu suka zama masauki, allo ya zama wurin rataye kaya. Ɗaliban da ya kamata su rubuta Shahadar Sudan, wato jarrabawar kammala sanawi, a 2023 ba su samu zama ba sai ƙarshen Disamban 2024. Yanzu makarantu sun buɗe, amma yaron da ke zaune a aji biyu na sanawi, lissafinsa yana nan inda ya tsaya tun kafin harbin farko, har ma ya ja baya. A wasu darussan yaro kan iya tsallake babi ya kamo na gaba. Lissafi ba ya yarda da haka.

Ga kuma wata matsala da ta girmi yaƙin. A farkon shekarun 1990 aka soke mutawassiɗa, aka koma shekara takwas na asasi, wato firamare, da uku na sanawi. Kusan shekara talatin ba a horar da kowa don wannan mataki ba, saboda babu shi. Da aka dawo da shi 'yan shekaru kafin yaƙi, sai aka ɗebo malamai daga nan da can aka cike gurbi. Akwai 'yar uwarmu da ta yi shekaru tana koyar da 'yan aji uku karatu da ƙirga, rana ɗaya aka miƙa mata littafin aljabara aka ce bismilla. Tana ƙoƙari, Allah Ya sani. Amma a wannan matakin ne yaro ke barin ƙirga ya shiga harafi a madadin lamba, kuma a nan ne mafi yawansu ke yanke wa kansu hukuncin cewa lissafi ba nasu ba ne.

Kukanmu na farko a kan lokaci ne da yadda ake ba da darasi. Ana sa lacca kai tsaye ta bidiyo da hantsi, a ce wanda bai shiga ba an rubuta masa fashi, wanda fashinsa ya yi yawa ba zai zauna jarrabawa ba. Malamanmu, da hantsi muna gaban allo. Ko dai mu bar yara su zauna haka nan mu fita bayan aji da waya a kunne, ko mu tsaya wa yara a kore mu daga karatu. Ko da an mayar da laccar dare, bidiyo kai tsaye ba namu ba ne. Kun tuna Fabrairun 2024 da layukan sadarwa suka mutu a kusan duk ƙasar. Kun tuna farkon 2025 da aka riƙa kai hari kan tashoshin wuta, har da na Marawi, garuruwa suka yi kwanaki a duhu. Awa guda ta bidiyo kan cinye rabin giga ko fiye, malami kuwa yana bin gwamnati albashin watanni.

Na taɓa zama kusa da wata abokiyar aikinmu, Ustaza mai koyar da 'yan mata, tana bin irin wannan lacca a ƙofar shagon da take kai cajin waya, don nan ne layi ke ɗan kamawa. Dakta yana rubutu a farin allo, kyamara na nesa da shi. Hoton ya dushe har ba a gane ƙaramar lambar da ke saman x, biyu ce ko uku. Ta rubuta tambaya, kafin saƙon ya fita layi ya yanke. Da ya dawo an goge allon, an shiga wani abu. Ba a naɗi laccar ba, ba a turo rubutacciyar takarda ba. A darasin tarihi in kalma ɗaya ta kuɓuce maka, ma'anar jimla za ta cece ka. A namu, wannan 'yar ƙaramar lamba ita ce duk maganar. Ta rufe wayar ta ce mini kuɗin datar nan da ta saya wa yara sukari da shi.

Kuka na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa: abin da ake koyarwa. In malamin lissafi ya nemi majistir, hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ita ce zallar lissafi a kwalejin kimiyya, wadda aka shirya don mai son zama masanin bincike. Karatu ne mai daraja, amma shekara biyu za ka yi ba a ambaci yaro ɗan shekara goma sha uku ba ko sau ɗaya. Ta biyu ita ce manhaja da hanyoyin koyarwa a kwalejin tarbiyya, inda za a haɗa malamin lissafi da na Larabci da na labarin ƙasa a karanta musu ra'ayoyin masana ɗaya. A ƙarshe kowa ya raba takardar tambayoyi ga malamai, “na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba”, a zuba a kwamfuta, a ɗaure da baƙin bango. Malami ya dawo da sabon laƙabi, darasinsa na ranar Lahadi bai canza da komai ba.

Abin da muke bukata yana tsakanin biyun nan. Ku ba ni dama in kawo misali daga ajina. Na rubuta rabi a tara da sulusi. Fiye da rabin ajin suka ba ni biyu bisa biyar: sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Malamin da bai da horo zai ja jan biro, ya sake karanta musu ƙa'ida, su haddace, bayan mako biyu su koma gidan jiya. Amma yaron nan ba wawa ba ne. Ya bi dokar da ta yi masa aiki tun yana aji ɗaya, cewa in ka ga lamba biyu da alamar tarawa sai ka haɗa. Abin da ya rasa shi ne ganin rabi a matsayin adadi guda ɗaya mai wurin zama a kan layi. Na tambaye su, biyu bisa biyar ya kai rabi? Suka yi shiru, can wani ya ce bai kai ba. Na ce to yaya za a ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu? Daga nan muka koma kan abin da suke ji a zauren malam wajen rabon gado: rabi, sulusi, sudusi. Muka raba gona gida shida a allo, mai rabi ya ɗauki uku, mai sulusi ya ɗauki biyu, sudusi ɗaya ya rage. Biyar bisa shida ya fito da kansa.

Haka yake a sanawi. Ɗalibi zai ce in an tara a da b aka ninka jimlar da kanta, daidai yake da a sau a da b sau b. Ka sa masa uku da huɗu: bakwai sau bakwai 49, tara da goma sha shida 25. Ina 24 ta tafi? Sai ka zana murabba'i ka yanka shi gida huɗu, ya ga falle biyu masu 12 kowanne da ya manta da su. Wannan kuskuren shi ne ke bin yaro har zauren Shahada, ya kayar da shi a takardar lissafi na musamman da 'yan kimiyya ke rubutawa, ya rufe masa ƙofar injiniya.

Sanin inda yara ke tuntuɓe, da dalilin tuntuɓen, da misalin da zai ɗaga su, fanni ne mai zaman kansa, kuma kun fi mu sanin haka. Tun 1986 masanin nan na Amurka, Lee Shulman, ya bambanta sanin darasi da sanin yadda ake koyar da wannan darasin takamaimai. Mu a nan kowa laluben kansa yake yi. Abin da na gano a ajina, na Kasala bai ji ba, in na yi ritaya kuma ya tafi da ni. Ga kuma batun da ku kaɗai za ku fahimta ba sai an yi dogon bayani ba: yaranmu da Hausa suke tunani a gida da kasuwa, da Larabci suke karɓar darasi. Yarinyar da ke lissafin canjin mahaifiyarta a ka ba kuskure, ita ce ke kasa tambayar da aka rubuta da dogon zance. Matsalar a lissafin take ko a karatun jimlar? Yaushe ya dace malami ya juya harshe, yaushe hakan ke cutar da yaro a jarrabawar da ba za a juya masa ba? Waɗannan tambayoyin majistir ne na gaske, kuma ba Hausawa kaɗai suka shafa ba, har da yaran Beja da na Nuba da na Fur da sauran waɗanda Larabci ba harshen uwa ba ne a wurinsu.

Na uku, takardu da kuɗi. Ana neman asalin shahada, wato takardar shaidar digirin farko, mai hatimi, alhali ta wasunmu ta ƙone ko tana cikin gidan da ba su san halin da yake ba. A ce ka je a tantance, tafiyar Bur Sudan kuwa ta fi ƙarfin albashi. Kuɗin makaranta a ce a biya kashi ɗaya ko biyu, kamar malami ɗan kasuwar riɗi ne da ke karɓar kuɗinsa a dunƙule.

Jarrabawa ma haka. Ana karatu daga nesa, amma a ce jarrabawa sai a wata cibiya a wata jiha, wani lokaci a tsakiyar damina. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san akwai ƙauyukan da mota ba ta fita sai ruwa ya ɗauke. Malama mai goyo kuwa, ko wadda ba ta da wanda zai raka ta ta yi mako a wani gari, an cire ta ke nan ba tare da an faɗa ba. Su ne kuma ke riƙe da makarantun 'yan mata.

Sai batun da ke sa mutane ja da baya tun kafin su fara. Ba wanda ya ba mu amsa a rubuce ko majistir ɗin da aka yi ta intanet zai shiga lissafin ƙarin girma da alawus daidai da na zaman aji. Wannan ofis ya ce e, wancan ya ce sai an duba. A cikin wannan duhun ne 'yan damfara ke kiwo. Kullum ana turo mana talla a WhatsApp da Facebook, wata “jami'ar ƙasa da ƙasa” da ba wanda ya san inda take, majistir a wata shida, a biya da dala. Mun san wanda ya sayar da akuyoyin matarsa ya biya, takardar da aka turo masa ko a bango ba ta cancanci ratayewa ba.

Mun san abin da wasunku za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za ku ce karatun intanet ya buɗe ƙofar satar amsa da sayen bincike, kuma darajar shahadar jami'o'inmu ita ce abin da ya rage mana. Gaskiya ne. Shi ya sa muke roƙon a auna mu da abin da ba ya sayuwa. A ce malami ya ɗauki darasinsa da waya, ya kawo littattafan ɗalibansa kafin da bayan, ya zauna gaban kwamiti ya kare abin da ya yi da bakinsa. Wannan ya fi takardar tambayoyi wuyar maguɗi nesa ba kusa ba. Za ku kuma ce in muka samu majistir guduwa za mu yi Saudiyya ko Ƙatar, ko mu nemi jami'a. Wasu za su tafi, ba za mu yi muku ƙarya ba, yunwa ce ke korar su ba takarda ba. Amma wanda ya yi karatunsa yana cikin ajinsa, bincikensa a kan yaransa, ya fi wanda aka cire shekara biyu zama. In kuma ana so, a ɗaure mu da yarjejeniyar shekarun aiki, mun yarda.

Abin da muke nema ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Bakhtur Ruda, kwalejin horar da malamai da aka kafa kusa da Duwaim a 1934 ta yi suna ne saboda ba ta raba horon malami da aji ba, akwai makarantun gwaji a jikinta inda ake jarraba darasi da littafi a kan yara na gaske. Sunanta ya kai har Arewacin Najeriya, aka riƙa turo malamai a shekarun 1950, cikinsu har da marigayi Sheikh Abubakar Gumi. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan da aka kafa a 2002 ta kai malaman asasi masu yawa ga digirin farko suna bakin aikinsu, da bugaggun littattafai da rediyo da cibiyoyi a jihohi, lokacin da wayar hannu ma ba ta game gari ba. Da waɗannan biyun a tarihinmu, bai kamata a ce sai mun je wata ƙasa neman samfuri ba.

Don haka, malamanmu, ga abin da muke roƙo ku kai majalisunku.

A buɗe majistir na koyar da lissafi takamaimai, na haɗin gwiwa tsakanin kwalejin tarbiyya da sashen lissafi, wanda zai zurfafa mu a aljabara da jometiri da ƙididdiga da tafaduli da takamuli (wato kalkulas) daga tushensu, ya kuma koya mana yadda ake shigar da su kan yaro. A sa darasi guda a kan yaran da suka yi shekaru ba makaranta, da wani a kan koyarwa a ajin da harshen gida ya bambanta da na littafi. Wanda ba ya da halin majistir a ba shi damar tsayawa a babbar difloma bayan shekara guda, musamman malaman mutawassiɗa, don su ne suka fi gaggawa.

A daina ƙirga halarta da bidiyo kai tsaye. A naɗi lacca da murya, a haɗa da rubutacciyar takarda mai sauƙin saukewa, malami ya ɗauka lokacin da layi ya samu ya yi karatunsa da dare. Moodle, dandalin ɗora darussa a intanet, kyauta ce, manhajarta ta waya tana barin a sauke darasi a karanta ba intanet. GeoGebra, manhajar koyar da lissafi, ita ma kyauta ce, tana da Larabci, tana aiki ba layi. Haɗuwa kai tsaye ta zama sau ɗaya a mako, ranar Asabar, kuma a naɗe ta.

A yi jarrabawa a jami'ar da ta fi kusa da malami. Akwai jami'a a Gadarif, akwai a Kasala, akwai a Sinnar da Damazin, yarjejeniya kawai ake bukata tsakaninku. A sa ta a lokacin hutun makarantu, a kauce wa tsakiyar damina.

A karɓi rajista ta wucin gadi da hoton shahada ko takardar shaida daga ofishin ilimi na jiha, jami'o'i su tantance a tsakaninsu. A raba kuɗin makaranta wata-wata, a karɓa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kamar yadda kowa ke ciniki yanzu, kuma kada a kori wanda jinkirin albashi ya hana shi biya.

Ku nemo mana matsaya a rubuce daga hukumomin da abin ya shafa a kan matsayin wannan shahada wajen ƙarin girma, tare da jerin jami'o'in waje da aka amince da karatunsu na intanet, a wallafa kowa ya gani.

Ga waɗanda ke Saudiyya da sauran ƙasashen Gulf a cikinku muna da roƙo na musamman. Kowane ɗayanku ya ɗauki malami biyu ko uku ya duba bincikensu daga can, ko da awa guda ce a mako. Ku kuma yi magana da attajiranmu na Makka da Jidda da ke ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci, Allah Ya saka musu. Ku gaya musu farantin sola guda da batir a makaranta ɗaya zai wadaci malaman unguwa gaba ɗaya.

Mu a namu ɓangaren mun fara tattara sunayen malaman da ke shirye, da matakin da kowa ke koyarwa da shahadar da ke hannunsa, jiha-jiha. Mudirin makarantarmu ya yarda a yi amfani da aji guda ranar Asabar. Muna roƙon ku wakilta mutum biyu ko uku daga cikinku su zauna da wakilanmu, ko ta waya ce, kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa, mu miƙa musu jerin.

Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Ɗalibinku,
Malamin lissafi a jihar Gadarif,
a madadin 'yan uwansa malaman mutawassiɗa da sanawi.